Buɗe Hannunka na Hagu, Emil

Emil Sedlak bai iya gaisuwa ba. Da wannan zan fara, domin duk wanda ya tashi ba da labarinsa da hannuwansa yake farawa, ni kuwa na gaji da jin zancen hannuwan nan. In ka ce masa ina kwana, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminka, ya yi ta kokawa da kalmar farko har ka manta ka gaishe shi. In'ina ce da shi tun yana yaro. Layi ɗaya muka taso a Cicero, nan gefen Chicago, gidansu yana kallon namu, uwarsa da tawa coci ɗaya suke zuwa. Ni ne Rudy Bartos. In ba ka taɓa jin sunana ba, kada ka damu, na saba.

Da muka dawo daga soja muka kama aiki a masana'antar tarho, da yamma kuma muna wanke kofuna a mashayar wani tsoho ɗan ƙasar Ailan, Halloran, a titin Cermak. Shi ya koya mana dabo. Ba irin na dandali ba da ake saka mace a akwati a raba ta biyu. Namu na kan kantar mashaya ne. Mutum yana zaune da kofin giyarsa, kai kana tsaye, tsakaninku bai wuce kamu ɗaya ba, ka ɓatar masa da rabin dalarsa a gaban hancinsa, ka ce ya duba ƙarƙashin agogon hannunsa.

Abu ɗaya Maigida Halloran ya yi ta nanata mana.

"Ku saurara, 'yan banza. Wai hannu ya fi ido sauri, ƙarya ce ake yi wa yara. Ka tambayi mutum sunan matarsa, dole ya ɗago ya dube ka. To daidai nan za ka yi satarka. Ka ɗago idonsa, sannan ka motsa hannu. Shi ke nan sana'ar."

Ni kam an haife ni da baki. Cikin wata ɗaya na fara tara mutane. In tsokani wannan, in tambayi wancan ina ya samo wannan mummunan laktaye, kafin ya gama kare kansa katin kartar da ya zaɓa yana manne a goshin abokinsa. Ana dariya, ana ƙara giya, Maigida yana shafa ciki.

Emil fa? Wayyo Emil! Ka san yadda mutane suke yi da mai in'ina. Da ya fara kakarewa sai kunya ta kama su, su kasa kallon fuskarsa, su sauke ido ƙasa. Ƙasa ina? Kan kanta, daidai inda hannunsa yake shirin sata. Duk tambayar da ya yi don ya ɗago idon mutum, sai ta tura idon kan yatsunsa. An kama shi ya fi a ƙirga. Wani direban tirela har riƙe masa wuyan hannu ya yi, ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke kwabonsa. Rannan Maigida ya ja shi gefe, ina tsaye, ya ce, "Emil, ɗana, Allah bai yi ka don wannan ba. Ka riƙe tarhonka da kyau."

Na ji tausayinsa a lokacin, tsakani da Allah. Tausayi yana da daɗi in kai ne a sama.

Bai bari ba. Ya daina yi a gaban jama'a, ya sauka ɗakin ƙasa na gidan uwarsa da tsohon madubi, ya ce tun da ba zai iya kau da idon mutum ba, zai koyi yin komai ana kallonsa ƙur. Ya ɗauki kowane dabo ya wargaza, ya sake gina shi a hankali. Abin da na koya a wata ɗaya shi ya kai shekara goma a kai. Daga ƙarshe ya tsaya a kan abu guda: kofin shayi ɗaya a kife, da curin sukari uku. Sukarin ya ɓace a hannunsa ya bayyana ƙarƙashin kofi, ya ɓace ya bayyana, can a ƙarshe ya ɗaga kofin sai ga ɗanyen ƙwai zaune. Ya fasa shi a tambulan don ka san ba na roba ba ne. Ba ya cewa uffan daga farko har ƙarshe. Ni na sa masa suna Mai Kaza, sunan kuma ya bi shi.

A tsakanin nan ya yi aure. Dolores a ofishin masana'anta take aiki, takan shigo mashaya ran Juma'a da ƙawayenta. Ba wanda ya kai ta yi wa barkwancina dariya, har hawaye take yi. Shi ta aura. Ni na riƙe masa zobe a coci.

Sai talabijin ta shigo gari. Wata tasha ta nan cikin birni ta sanar tana neman mai dabon tebur, 'yan mintoci kowace Asabar bayan labaran yamma. Wa za a tura in ba Rudy ba? Na sa kwat ɗin aurena, Emil ya kai ni domin motata tana gareji. Aka zaunar da ni gaban tebur mai koren ƙyalle, fitilu suna gasa min ƙeya, kyamara ɗaya tana leƙo hannuwana daga sama, ɗaya kuma can gefe don fuska. Daraktan, wani busasshen mutum mai suna Gaffney, yana cikin ɗakin gilashi, muryarsa kawai muke ji ta lasifika.

Na fara. Na zuba barkwanci, masu jan wayar kyamara suna ƙyaƙyatawa. Na dubi wata yarinya da suka zaunar min a matsayin 'yar kallo na ce, "Ke, saurayinki ya san kin fi shi tsawo?" Ta ɗago tana dariya, na saki kwabon da ke tafina. Tsaf, yadda na yi sau dubu.

Lasifika ta yi ƙara. "Mista Bartos, kwabon yana kan cinyarka ta hagu."

Na sake da kati. "Yana ƙarƙashin tafinka na dama, Mista Bartos."

Ita kyamarar sama ba ta da mata balle ka tambayi sunanta. Ba ta dariya, ba ta jin kunya, ba ta ɗagowa. Duk abin da Halloran ya koya min, duk abin da nake taƙama da shi, ya tashi a banza cikin minti kaɗan. Na miƙe gumi yana bin bayana. Gaffney kuwa da alama bai so kunna fitilunsa ya tafi a banza ba, sai ya ce wa Emil, "Kai mai riƙe da hula, kai ma kana taɓawa?"

Emil ya buɗe baki, kalmar ta maƙale, sai ya gyaɗa kai kawai. Ya nemi kofin shayi. Ƙwan ashe yana aljihunsa, don ba ya fita gida babu shi. Ya zauna ya yi abinsa a hankali, kamar mai ninke kayan wanki. Da ya ɗaga kofin, ga ƙwai zaune. Can lasifika ta ce, "Sake." Ya sake. Ta ce, "Za ka iya zuwa ranar Asabar?"

Ni na tuƙo mu gida. Har muka iso ban ce masa barka ba.

Shirin ya yi shekara ashirin da 'yan kai. Ba magana a cikinsa, sai fiyano a hankali da hannuwa biyu a kan koren ƙyalle. Fuskarsa sau biyu ake nunawa, ya sunkuyar da kai a farko, ya sunkuyar a ƙarshe. Abin da tashar take alfahari da shi, kullum sai mai sanarwa ya faɗa: kai tsaye ake yi, kuma kyamara ba ta barin hannunsa ko na ƙiftawar ido. Gaskiya ne kuwa. Kuma ko sau ɗaya ba a taɓa kama shi ba. Akwai wani likitan ido da ya riƙa kallo da gilashin ƙara girma yana bugo wa tashar waya, har ya gaji ya bari.

Kada ka zaci ya yi arziki. Gida ya saya a Berwyn mai 'yar ciyawa a gaba, da mota sabuwa, ya bar masana'anta. Masu sabulun wanke hannu suka yi talla da shi. Dolores ta riƙa saƙa masa safar hannu, ta hana shi taɓa shebur in ƙanƙara ta zuba, ita take kwashewa. Ni kuwa da Halloran ya mutu na gaji mashayar, na gaji talabijin ɗin da ke rataye a saman kanta. Kowace Asabar da hannuna nake kunna ta, domin in ban kunna ba masu shan giya za su tsallaka titi. Ina tsaye ina goge kofi, mutanena sun juya min ƙeya suna kallon yatsun Mai Kaza. Da an gama sai wani ya juyo ya ce, "Rudy, yi mana na ƙwan nan mana."

Kai! Da ka san yawan ƙwan da na fasa a ɗakin ajiya. Na san lokacin da yake ɗauko shi, na san hannun, na san aljihun. Sani daban, yi daban. A hannuna ƙwan sai ya leƙo ta tsakanin yatsu, ko ya ƙwanƙwasa bakin kofi, ko ya ƙare a wandona. Matata Agnes, Allah ya ji ƙanta, ta ce in dai wainar ƙwai nake so in faɗa mata, ba sai na riƙa soyawa a cinya ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne bai taɓa yin fahari ba. Da ya yi, da na samu abin kamawa. Kowace Alhamis masu dabon garin nan mukan haɗu cin abincin rana a wani gidan abinci a tsakiyar birni, dogon tebur ɗaya a can ciki, naman alade da kabeji mai tsami, kowa ya nuna sabon abin da ya ƙirƙiro. Shugaban teburin wani tsohon likitan haƙori ne, Ambrose Kittredge. Emil zai shigo ya raɓe a ƙarshen tebur, samari su yi ta leƙen yadda yake riƙe cokali. Ni kuma in ɗaga murya in ce, "A matsa, a matsa, Mai Kaza ya iso, kada a taka masa ƙwai!" A yi dariya, shi ma ya yi murmushi. Amma kowa a teburin ya san dariyar tawa ba ta kai ciki ba. Hassada ce, ba wani suna da zan ba ta, kuma ban iya ɓoye ta ba.

Teburin nan yana da doka guda da ta fi kowace. In ɗan'uwanka yana aiki a gaban jama'a, ko ka ga kwabon yana sheƙi a tafinsa, ka ja bakinka ka yi shiru. Bayan an watse ka ja shi gefe ka faɗa masa. Wanda ya tona ɗan'uwa a gaban 'yan kallo, ba korarsa ake yi ba, ba zagi. Kawai dai in ya zo ba zai sami kujera ba, har ya mutu.

Wata Talata da hantsi ina karɓar gangunan giya ta ƙofar baya, sai ga Emil. Lokacin duk mun yi furfura. Ya zauna a kanta, ya cire safar hannu, ya shimfiɗa hannun dama a gabana. Lafiya lau. Sai ya ɗauko ƙwai ya ɓoye shi a tafin yadda ya saba. Nan take babban yatsan ya fara rawa, ɗan yatsan kusa da shi ya kama, har wuyan hannun.

"Tun yaushe?" na ce.

"B-bara. Likita ya ce gaba zai yi, ba baya ba."

Sai a lokacin na lura ya kusa shekara bai yi na ƙwan ba a talabijin, sai ƙananan abubuwa na kati da hannun hagu. Ya ce ya gaya wa tashar zai yi ritaya, bai gaya musu dalili ba. Su kuma sun shirya masa shirin bankwana, da baƙi a teburin: Dolores, da Kittredge, da aboki ɗaya da zai zaɓa. Sun riga sun sanar wa duk gari da ƙwan zai rufe. Sukarin zai iya. Ɗauko ƙwan daga aljihu zuwa ƙarƙashin kofi ana kallo, wannan ya fi ƙarfinsa yanzu.

Na ce, "To mene ne abin wahala? Ka ce wa Gaffney ya kau da kyamarar na numfashi ɗaya. Shekara nawa kuna tare?"

Ya dube ni kamar na ce ya saci kuɗin baikon coci. "In na r-roƙe shi, ha'inci ne. In an yaudare shi, aiki ne."

Ban yi gardama ba. Wanda ba ɗan sana'a ba zai ce ai duk ɗaya ne, mu kuwa mun san ba ɗaya ba ne. Sai na fara kawo dabaru. In yi atishawa. In kifar da tambulan. In dafe ƙirji in faɗi. Yana ta girgiza kai. Ya ce fitila ta taɓa fashewa a saman kansa, Gaffney bai motsa ba. Wata mata ta taɓa suma a ɗakin, bai motsa ba. Mutumin nan ba ya kallon hatsari. Abu ɗaya ne zai ɗago shi, abin da ya san duk gari zai kwana yana magana a kai.

"Wane abu?"

Ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da ban tuna ya taɓa yi ba.

"Kai. Ka tona ni. Duk garin nan an san kana jin haushina, Rudy. Ba wanda zai ce shiri ne."

Ko kakarewa bai yi ba, ɗan banza. Na ji kamar an watsa min ruwan wanke kofi. Wato shekara da shekaru yana zaune a ƙarshen tebur yana murmushi, yana kallon abin da ke cina, ya adana shi yadda yake adana ƙwai a aljihu, har ranar da zai yi masa amfani.

"Ka san abin da za su yi min a teburin Alhamis?"

"Na sani."

"Dolores fa?"

"Ba za ta sani ba. In ta sani, fuskarta za ta nuna."

"Bayan an gama fa?"

"Ko b-bayan an gama."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ina da aiki. Yana bakin ƙofa na ce, "Wane hannu zan ce ka buɗe?" Ya ce na hagu. Duk waɗanda ke cikin maganar nan sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa ka ji bakina ya buɗe yau.

Kwanakin da suka biyo baya na ji daɗin da ban taɓa ji ba, ba zan ɓoye maka ba. Sunan Emil Sedlak yana tafin hannuna. Ba sai na yi komai ba. In zauna kawai in naɗe hannu kamar mutumin kirki, in bi dokar tebur, ƙwan ya suɓuce ya fashe a kan koren ƙyalle, Chicago duka tana kallo. Ba wanda zai ce Rudy ya yi laifi. Ina goge kanta ina jin ƙarar fashewar a kunnena, ina murmushi ni kaɗai.

Ranar Asabar aka zaunar da ni a hagunsa, Dolores tana fuskantarsa da sabuwar riga ruwan toka, Kittredge a gefenta ya dogara da sanda. Ɗakin dai shi ne, fitilun su ne, kyamarar saman nan tana nan tana leƙe kamar ba ta tsufa. Fiyano ya fara. Emil ya kife kofi, ya jera sukari. Na farko ya tafi, ya dawo. Na biyu. Tsakani da Allah abin ya yi kyau, har haushi ya sake turnuƙe ni. Mutum da rabin hannu yana yin abin da ban iya ba da hannu biyu.

Sai lokacin ya zo. Ya dunƙule sukari na ƙarshe a hannun hagu, na dama ya zame zuwa bakin tebur. Daga inda nake ina ganin abin da kyamara ba ta kai ga gani ba tukuna: jijiyar wuyan hannun tana tsalle. Nan ne muka shirya zan yi magana. Ban yi ba. Ya ja lokaci, ya juya dunƙulen hagun a hankali kamar cikin wasan ne. Mai fiyano ya maimaita layinsa. Emil bai dube ni ba, bai roƙe ni da ido ba, kansa a sunkuye yana jira. Gumi ya ɗigo daga haɓarsa zuwa kan ƙyallen.

Na daki teburin har tambulan ya yi tsalle.

"Buɗe hannunka na hagu, Emil!"

Iyakar abin da muka shirya ke nan. Amma da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na miƙe tsaye ina nuna shi da yatsa. "Buɗe mu gani! Shekara nawa kana raina wa mutane hankali da kofin shayi? Mutumin da ko ina kwana bai iya ba! Ni na fi ka, kowa ya sani, Halloran ma ya sani, a gabana ya ce ka koma tarho! Ni na zo neman aikin nan rannan, motarka kawai na shiga, motarka kawai!"

Jar fitilar da ke kan kyamarar gefe ta kama, alamar hotonta ne ke fita gari yanzu. Na gan ta da idona. Gaffney ya ɗago. Duk gidan da ke da talabijin a garin nan, fuskar Rudy Bartos ce a ciki, jijiyar wuya a tashe, yawu yana fita. Dolores ta rufe baki da hannu. Kittredge ya yi fari fat. Ba wanda yake kallon hannun dama na Emil, har ni.

Jar fitilar ta koma sama. Emil ya miƙa dunƙulen hagu tsakiyar tebur, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wayam. Ya ɗaga kofin. Ga ƙwai zaune, fari tas.

Sai ya tura min ƙwan da tambulan gabana, ya yi min alama da kai in fasa. Ɗakin ya kaure da tafi, masu jan waya har da fito. Washegari duk wanda ka haɗu da shi cewa yake ba a taɓa ganin dattako irin wannan ba, ya rama cin mutunci ba tare da ya ce kala ba. Dattakon me? Hannun ne ba zai iya fasawa ba. Ni na fasa masa, ƙwaiduwar ta bi min yatsu.

Alhamis ta zagayo na je, don in ban je ba ma magana ce. Na tarar an tara kwat-kwat a kan kujerata. Ba wanda ya ɗago. Na tsaya kaɗan, na gaishe da mai kawo abinci, na fita. Ban sake komawa ba. A mashaya wasu tsofaffin abokan ciniki suka ɗauke ƙafa, wasu sababbi suka riƙa zuwa don su ga mutumin. Sai su dunƙule hannu su ce, "Rudy, in buɗe?" In yi dariya in zuba musu giya, me zan yi?

Emil yakan shigo ta ƙofar baya jefi-jefi da hantsi, lokacin da ba kowa. Rawar ta kama hannu biyun, sai da tsinken roba yake shan kofi. Ba ma yawan magana. Sau ɗaya ne ya ce, "Zancen Halloran ba ya cikin shiri."

Na ce, "Gyara ce na ƙara maka."

Ya ce, "Gaskiya ka faɗa ai. A kan k-kanta ka fi ni."

A kan kanta! Ka ji mutum. Ko yabo zai yi sai ya auna shi da cokalin shayi.

Emil ya rasu lokacin kaka, bayan 'yan shekaru. Cocin ta cika maƙil, 'yan teburin Alhamis a layin gaba, ni a can baya kusa da kwanon ruwan tsarki. Kittredge ya miƙe da kyar ya ce abin da kowa yake jira: mutumin da kyamara ta zuba wa ido rabin rayuwarsa, hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba, ko a ranar da aka nemi a kunyata shi. Wasu suka waiwayo.

Da aka fito ina neman zamewa, sai Dolores ta tare ni a kan matakala. Tun ranar shirin ba ta yi min magana ba. Ta rame, baƙin mayafin ya yi mata yawa. Kittredge da mutanensa suka tsaya nesa kaɗan, kunnuwa a miƙe.

"Rudy," ta ce, "Emil ya sa na yi masa alkawari kafin ya cika. Ya ce in yafe maka. Ya ce ba laifinka ba ne, haka Allah ya yi ka." Ta gyara mayafinta. "Ya yi min wuya, amma na yafe."

Maganar tana kan harshena, na rantse har ɗanɗanonta nake ji. Jimla ɗaya ce. In faɗe ta, matar nan ta san wanda ya tsaya wa mijinta, Kittredge ya kwashe kwat-kwat ɗinsa daga kujerata. In faɗe ta kuma, kafin a kai gawar maƙabarta duk sun san hannun ya gaza. Ya tafi da sunansa cif, ya bar ni da riƙon sa, bai ko tambaye ni ba ko zan iya.

Na cire hula na ce, "Na gode, Dolores."

Ta dafa min hannu. Ta ce in zo gida a ci abinci da jama'a, amma in daure in zauna ta wajen ƙofar kicin, don kada ran mutane ya ɓaci. Na je, na zauna ta wajen ƙofar.